Ina da ciki a Ingila, 'yan soshiyal sun ce za su bincike ni: in buɗe ƙofa ko in gudu gida?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 27, muna zaune da maigidana a wani gari da ke arewacin Ingila. Shi ya fara zuwa aiki, ni kuma na biyo shi a kan bizarsa. Yanzu ina da ciki wata biyar, kuma idan Allah Ya raya shi ne ɗanmu na fari, domin na farkon ya zube bara. Bayan ɓarin na kamu da ciwon damuwa, likita ya ɗora ni a kan magani, har yanzu ina sha. A wancan lokacin ne muka yi faɗa da maigidana cikin dare, ya ture ni na bugu da ƙofa, maƙwabta suka kira 'yan sanda. Na ce ba na son magana ta yi tsawo, aka bar ta a nan. Tun ranar bai sake taɓa ni ba, sai dai faɗa da baki idan ransa ya ɓaci.

Da na je awo, ungozoma ta yi mini tambayoyi, na faɗa mata gaskiya. Makon jiya wata mata daga sashen kula da yara na ƙaramar hukuma, waɗanda muke kira 'yan soshiyal, ta kira ni ta ce suna so su zo gida su yi binciken kafin haihuwa. Maigidana ya ce ni na jawo mana, kuma kada in kuskura in buɗe musu ƙofa. Surukata ta ce in tattaro in dawo Kano goyon ciki. Matan da muke zumunci da su a WhatsApp sun ce da zarar sun shigo gidanka, a gadon asibiti za su ɗauke jaririn. Ba na iya barci. Ina da ikon ƙi? Za su iya raba ni da ɗana? Ko in koma gida kawai?

Wata baiwar Allah, daga Ingila

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya sa wanda kika rasa ya zama mai ceto, Ya kuma raba ki da wannan lafiya. Kafin komai ina so ki sauke laifin da aka ɗora miki, domin ba ki yi kuskure ba da kika faɗa wa ungozoma gaskiya. Maganin da kike sha yana rubuce a wurin likitanki, zuwan 'yan sanda gidanku yana rubuce a wurinsu, kuma a ƙasar da kike waɗannan ofisoshi suna musayar bayani idan ana batun yaro. Da kin ɓoye, da daga baya abin ya fito a matsayin asirin da aka tono. Yanzu kuwa abin da ke cikin fayil ɗinki shi ne ke da bakinki kika faɗa, kuma wannan abin a yaba miki ne a idon duk wanda zai karanta shi.

Tambayarki ta farko amsarta ita ce e, kina da ikon ƙi, amma ikon yana da iyaka, kuma ya kamata ki san inda iyakar take. Dokar da ke tafiyar da wannan al'amari a Ingila ita ce Dokar Yara ta 1989, kuma akwai sassa biyu nata da nake so ki riƙe lambobinsu. Sashe na 17 ya shafi yaron da iyalinsa ke bukatar taimako, kuma binciken da ake yi a ƙarƙashinsa sai da yardar iyaye: kina iya cewa a'a, kina iya janye yardarki a tsakiya. Sashe na 47 kuwa yana aiki ne idan hukuma tana da dalilin zargin cewa yaro yana fuskantar cutarwa mai tsanani, ko zai iya fuskantarta, kuma a nan doka ta wajabta musu su bincika ko kun yarda ko ba ku yarda ba. Ko a nan ɗin ma ma'aikaciyar soshiyal ba ta da ikon kutsowa gidanki da ƙarfi, sai dai tana iya tattara bayani daga asibiti da 'yan sanda ba tare da ta jira izininki ba. Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa matar da ta kira ki ita ce a ƙarƙashin wane sashe ake son yin binciken, da mene ne takamaimai abin da ya dame su, kuma ki roƙa a ba ki amsar a rubuce. Yadda kika kwatanta kiran, da cewa sun nemi zuwa ne ba sanar da ke suka yi sun fara ba, ya fi kama da sashe na 17.

Ga abin da maigidanki bai hango ba. Idan kuka rufe ƙofa, damuwarsu ba za ta gushe ba, sai dai ta ƙaru, domin za su ga mace mai ciki, mai ciwon damuwa, wadda aka taɓa kiran 'yan sanda saboda ita, kuma yanzu ba a iya ganinta. Hakan kaɗai yana iya sa su ɗaga maganar daga sashe na 17 zuwa na 47, su rubuta rahotonsu da abin da wasu suka faɗa a kanki, ba tare da muryarki a ciki ba. A ganina wannan ita ce asara mafi girma da ƙin zai jawo miki. Ki yarda a yi binciken, amma ki shiga da idonki a buɗe da takardunki a hannu.

Yanzu ga abin da ke hana ki barci. Matuƙar jariri yana cikin ciki, dokar Ingila ba ta ɗauke shi a matsayin mutum mai zaman kansa ba, don haka babu kotun da za ta ba da umarnin karɓarsa kafin ya faɗo duniya, kuma babu wanda zai tilasta miki wani magani ko wata hanyar haihuwa muddin kina cikin hayyacinki. Bayan haihuwa kuma, ma'aikaciyar soshiyal ba ta da ikon ɗaukar jariri da kanta, haka nan likita ko ungozoma. Hanyoyi uku ne kawai doka ta sani. Ta farko umarnin alƙalin kotun iyali, wanda ba ya raba uwa da jariri sai an gamsar da shi cewa lafiyar jaririn tana bukatar hakan nan take. Ta biyu 'yan sanda, waɗanda za su iya riƙe yaro a ƙarƙashin kariyarsu idan akwai hatsari na gaggawa, amma ba fiye da awa 72 ba. Ta uku ita ce ke da kanki ki amince, a ƙarƙashin sashe na 20 na Dokar Yara. A shekarar 2008, a birnin Nottingham, an ɗauke wa wata matashiya jaririnta jim kaɗan bayan ta haihu ba tare da umarnin kotu ba, kuma alƙalin babbar kotu, Mai Shari'a Munby, ya ce abin ya saɓa doka, ya sa a mayar mata da shi a ranar. Daga baya hukumar ta bi ta kotu ta samu umarnin da take nema, wanda ke nuna miki cewa ikon yana hannun alƙali ne.

Hanya ta ukun nan ki kula da ita sosai, domin ta nan ake yawan rasa hakki cikin rashin sani. Idan wani ya miƙo miki takarda a asibiti ya ce ki sa hannu a ajiye jariri na ɗan lokaci, ba dole ba ne ki sa. A 2012 wata kotu ta yi hukunci a kan ƙaramar hukumar Coventry cewa yardar da aka karɓa daga uwar da ta fito daga haihuwa, tana cikin maye na allurar kashe zafi, ba yarda ba ce ta halal. Jimla ɗaya ta ishe ki a irin wannan hali: ba zan sa hannu ba sai na yi magana da lauya.

Ba zan ce miki matan WhatsApp ƙarya zalla suke yi ba. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa jariran da aka shigar da ƙara a kansu cikin makon farko na haihuwa a Ingila sun ninka fiye da sau biyu a cikin kusan shekara goma, har suka haura dubu biyu a shekara. Amma ki auna wannan da haihuwa sama da dubu ɗari shida da ake yi a Ingila a kowace shekara ta wancan lokacin, ki kuma san cewa irin waɗannan ƙararraki galibi suna tattare da abubuwa masu nauyi, kamar shaye-shaye mai tsanani, ko duka da ke ci gaba kuma aka ƙi rabuwa da shi, ko an taɓa karɓe wasu yara a baya. Binciken kafin haihuwa yana iya ƙarewa da rufe fayil, yana iya ƙarewa da tsarin tallafi na sa-kai. Uwar da ke zuwa awo, take shan maganinta, take faɗin gaskiya, tana nesa ƙwarai da waccan ƙofar da ake tsorata ki da ita.

To, idan kin buɗe ƙofar, me kike da hakki a kai? Ki nemi tafinta na Hausa ko da kina jin Turanci, domin Turancin kasuwa daban yake da Turancin da za a rubuta rayuwarki da shi, kuma hukuma ce za ta biya. Kada maigidanki ya zama tafintanki, kada kuma wata daga cikin ƙawayen zumuncinku. Idan aka kawo tafintan da kika sani a gari, kina iya cewa a canza shi. Kina iya zaɓar lokacin da ya dace da ke, kina iya zama da wata amintacciya a gefenki, kina iya neman ganin katin shaidar duk wanda ya zo. Ki tanadi littafi guda ki riƙa rubuta ranar kowace ziyara, da sunan wanda ya zo, da abin da aka ce za a yi, sannan bayan kowace muhimmiyar magana ki aika ɗan saƙon imel mai cewa ga abin da na fahimta mun amince a kai. Ƙa'idar gwamnati ita ce a kammala binciken cikin ranakun aiki 45 daga ranar da aka kai maganarki, kuma idan an gama dole a ba ki rahoton. Ki karanta shi layi-layi. Inda aka yi kuskuren suna ko rana ko abin da ya faru, ki nemi a gyara. Inda ra'ayinsu ne kika ƙi yarda da shi, ki rubuta naki a haɗa da shi. Dokar kare bayanai ta 2018 ta kuma ba ki damar neman kwafin abin da aka rubuta a kanki, kuma a ƙa'ida suna da wata guda su amsa.

Akwai wani abu da ba za ki same shi a takardunsu ba, alhali yana iya shafar yadda za a fahimce ki. Mu Hausawa muna yi wa ciki kunya, ballantana na ɗan fari. Ba mu cika zancensa ba, ba mu faɗin watan haihuwa ga kowa, wasunmu ba sa sayen kayan jariri sai ya zo, kuma bayan ya zo uwa tana yi masa alkunya, ba ta kiran sunansa ko rungumarsa a gaban manya. Ma'aikaciyar da ba ta san wannan ba tana zuwa ne tana neman alamun cewa uwa ta shaƙu da abin da ke cikinta kuma ta shirya masa. Idan ta tambaye ki yadda kike ji game da jaririn kika sunkuyar da kai kika yi murmushi, tana iya rubuta cewa ba ta ga ɗoki ba, kuma ga mai ciwon damuwa wannan layi ɗaya yana da nauyi. Don haka ki fassara mata al'adarki da bakinki. Ki ce mata a wurinmu kawar da kai daga idon babba ladabi ne, kuma shiru a kan ciki kara ce. Sannan ki ajiye kunyar na awa guda ki faɗa mata gaskiyar zuciyarki: yadda kike jin motsinsa, da tsoron da ɓarin bara ya bar miki, da shirin da kike yi na suna da wanda zai taya ki jego. Ki tanadi gadon jariri da 'yan kaya kafin lokaci, domin za su duba inda zai kwanta, kuma shawararsu ita ce ya kwana a nasa gadon a ɗakinki. Idan mace kika haifa, ki sani duk wani yanka da wanzamai ke yi wa 'ya mace a gabanta babban laifi ne a dokar Ingila ta 2003, ko da a Najeriya aka kai ta aka yi, kuma za a iya tambayarki ra'ayinki a kai.

Idan bayan binciken suka ga damuwar ta kai, za su kira taron kare yaro, wanda ake yi tun kafin haihuwa. Ungozoma da 'yan sanda da ma'aikaciyar soshiyal suna halarta, wani jami'i wanda ba shi ne shugaban ma'aikaciyar na kai tsaye ba yana jagoranta, ke ma ana gayyatarki, kuma ya kamata ki ga rahoton kafin ranar. Abin da taron zai iya yi shi ne sanya jaririn a tsarin kariya, wato jerin abubuwan da kowa zai yi, kuma wannan tsari ba umarnin kotu ba ne, bai rage miki komai daga matsayinki na uwa ba. Matakin da ke sama da shi shi ne wasiƙar gargaɗi kafin zuwa kotu, wadda lauyoyi ke kira matakin PLO. Ranar da irin wannan wasiƙa ta shigo hannunki, kin cancanci lauya kyauta ba tare da an duba albashinku ko irin bizarku ba, haka kuma idan magana ta kai kotu. Ki nemi lauyan da ya ƙware a shari'ar yara, ba wanda ya yi muku takardun biza ba. Tun kafin a kai nan ma akwai ƙungiyar Family Rights Group, wadda ke ba iyaye shawara kyauta ta waya a kan wannan al'amari kaɗai, kuma ina so ki kira su a cikin makon nan.

Yanzu maganar maigidanki, kuma a nan zan ɗan daɗe, domin ina ganin a nan ne ainihin binciken zai tsaya, ba a kan maganin da kike sha ba. Ina fahimtar tsoronsa. Baƙo ne a ƙasa, zamansa ya rataya a kan aikinsa, kuma yana ganin shigowar hukuma gidansa tonon asiri ne da zubar da girma. Yana da hakki kamar yadda kike da shi: a saurare shi, a ba shi tafinta, ya ga abin da aka rubuta a kansa ya mayar da martani. Amma cewa ke kika jawo ba gaskiya ba ce. Abin da ya kawo 'yan sanda gidanku hannunsa ne, kuma abin da hukuma za ta fi so ta gani shi ne ko ya amsa wannan laifin ko yana ɗora shi a kanki. Dokar 2021 ta cin zarafi a cikin gida ta ɗauki yaron da ke gani ko jin ana cutar da mahaifiyarsa a matsayin wanda aka cutar shi ma, kuma ma'aikatan lafiya sun san cewa irin wannan matsala takan fara ko ta tsananta a lokacin ciki. Mijin da ya zauna ya ce na yi, na yi nadama, a nuna mini inda zan je in koyi riƙe fushina, ya taimaki iyalinsa fiye da duk wani lauya. Akwai layin waya na ƙungiyar Respect da aka tanada don maza masu son gyara halinsu. Idan ba zai ji daga bakinki ba, ki nemi wani dattijo ko limamin da yake jin nauyinsa, wanda ya daɗe a ƙasar ya san dokarta, ya zauna da shi.

Ke kuma ina da tambaya gare ki, ba sai kin amsa mini ba. Kin ce sai dai faɗa da baki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan faɗan na ɓacin rai ne da ke wucewa, wannan daban. Idan kuwa ya haɗa da barazanar soke miki biza, ko riƙe fasfonki, ko hana ki kuɗi da waya da fita, ko kina auna kowace kalma saboda tsoronsa, to dokar ƙasar tana lissafa wannan a cikin cin zarafi ko da bai ɗaga hannu ba, kuma ni ma haka nake lissafa shi. Ma'aikaciyar za ta nemi ganinki ke kaɗai, ki yarda, domin hakkinki ne. Kada ki rage abin da ya faru don ki rufa masa asiri, saboda abin da ya fi jefa uwa cikin matsala a irin wannan bincike shi ne a ga tana kare mijin fiye da yadda take kare kanta da jaririn. Kada kuma ki ƙara abin da bai faru ba. Idan tsoron biza ne ke ɗaure miki baki, ki sani akwai wani sassauci da gwamnati ta tanada ga matan da suka zo a kan bizar miji kuma aure ya lalace saboda cin zarafi, wanda ke ba su izinin zama na wata uku da damar samun tallafi yayin da suke neman mafita, kuma lauyan shige da fice zai faɗa miki abin da ya shafi irin bizarki. A lokacin hatsari ki kira 999, idan ba ki iya magana ba ki danna 55 a wayar hannu bayan an ɗauka.

Surukarki kuma ba ta faɗi abin banza ba. Goyon ciki al'ada ce mai hikima, musamman ga haihuwar fari, kuma abin da kika fi rasa a Ingila shi ne irin hannayen da za su kewaye ki a gida. A doka babu abin da ya hana ki tafiya, tunda babu umarnin kotu a kanki. Amma ki bambanta tafiya da gudu. Idan kika ɓace ana tsakiyar magana, fayil ɗin zai tsaya a kan cewa kin tsere wa bincike, ana iya aika sanarwa ga asibitoci, kuma ranar da kika dawo da jariri za ki tarar da maganar tana jiranki da nauyin da ya fi na yau, an gudu ba a tsira ba. Haka abin yake idan kuka koma wani gari a cikin ƙasar, domin bayanin yana bin mutum. Ga kuma lissafin da ba na soshiyal ba: jaririn da aka haifa a Kano sai an nema masa biza kafin ya shigo, kuma dokokin shigo da iyali sun ƙara tsauri tun 2024 ga ɗalibai da masu aikin kula da tsofaffi, kamfanonin jirgi da yawa suna neman takardar likita daga mako na 28, ba sa ɗaukar mai ciki bayan mako na 36, sannan sai kin tabbatar da asibitin da za ki haihu da likitan da zai ci gaba da duba ciwon damuwarki. Idan bayan kin auna duk wannan zuciyarki ta fi kwanciya da gida, ki tafi da rana tsaka: ki gaya wa ungozoma da ma'aikaciyar, ki ba su ranar tafiya da adireshi, ki karɓi takardun awonki. Ni dai da za ki bi ta tawa, da kin tsaya an gama binciken, ki kuma duba ko mahaifiyarki ko wata yayarki za ta samu bizar ziyara ta zo ta yi miki zaman jego. Wannan zai ba surukarki rabin abin da take so, kuma a wurin hukuma shaida ce cewa ba ke kaɗai ba ce.

A kan wannan gaɓar, ki rubuta sunayen duk wanda zai iya tsaya miki, na kusa da na gida, ki ba ma'aikaciyar tun da wuri. Mun saba ɓoye wa dangi irin wannan magana don gudun surutu, amma doka ta fifita dangi a kan baƙo idan har aka kai ga neman wanda zai taimaka da riƙon yaro, kuma kina iya neman a shirya muku taron iyali, inda danginku da kansu za su zauna su tsara yadda za a kula da ke da jaririn, hukuma ta duba tsarin. Ki zaɓi mutum biyu ko uku masu riƙe sirri. Zauren WhatsApp ba wurin wannan magana ba ne.

Maganinki kada ki daina shi don ki nuna kin warke. Dakatar da irin wannan magani farat ɗaya yana iya dawo da ciwon a lokacin da kika fi bukatar ƙarfinki, kuma duk wani canji sai da likita. Ki roƙi ungozoma ta haɗa ki da tawagar kula da lafiyar ƙwaƙwalwar masu ciki da masu jego ta NHS, wato hukumar lafiya ta ƙasar. Ko da ciwon ya tsananta bayan haihuwa, akwai sassa na musamman a wasu asibitoci da ake kwantar da uwa tare da jaririnta, ba a raba su. Awo kuma kada ki tsallake ko ɗaya, duk yadda ranki ya sosu da ungozomar. Aikinta ta yi, kuma ba ta da ikon jin irin wannan bayani ta riƙe shi ita kaɗai.

Ma'aikaciyar soshiyal ita ma mutum ce mai fayil da yawa a gabanta, wadda za a tuhuma idan wani abu ya samu jaririn da aka gaya mata labarinsa. Wasu cikinsu suna da adalci da sanin ya kamata, wasu suna zuwa da zato a kan baƙar fata ko Musulmi. Ki karɓe ta da mutunci, kada ki ɗauke ta ƙawa, kada kuma ki ɗauke ta abokiyar gaba. Idan kika ga raini ko son kai, ki fara da shugabanta a rubuce, sannan tsarin ƙorafi na ƙaramar hukuma mai matakai uku, bayansa kuma akwai ofishin mai sauraren koke-koke a kan ƙananan hukumomi. Yin ƙorafi ba ya dakatar da bincike, don haka ki ci gaba da ba da haɗin kai yayin da kike yinsa. Duk abin da na faɗa na Ingila ne. Idan kuka koma Sikotilan ko Arewacin Ayalan, tsarinsu daban ne.

Gobe da safe, lokacin da maigidan ya fita aiki kika samu natsuwa, ki fara kiran masu ba da shawarar nan, sannan ki mayar wa matar da kiranta. Ki ce kin yarda a gana, kina son dalilansu da lambar sashen a rubuce, kina son tafinta mace, kuma kina so ganawar farko ta kasance ke kaɗai; idan gida bai yi miki ba, ki nemi a yi ta a asibitin da kike awo. Idan kin ga cewa gaya masa kin kira zai jefa ki cikin hatsari, wannan ma ki faɗa mata a wayar, tun kafin a sa rana. Allah Ya sauke ki lafiya, ƙanwata.